Manhajar auna tafiyar jirgin sama: ta ƙware a kilomita, agogo ya gagare ta

Na daɗe ina amfani da wata manhajar waya mai lissafa nisa da lokacin tafiya tsakanin filayen jiragen sama biyu. Aikinta ba shi da rikici. Gurbi biyu ne a fuskar farko, ka rubuta inda za ka tashi, ka rubuta inda za ka sauka, sai ta fito maka da taswira da lambobi biyu: nisa da lokaci. Lambar farko za ka iya kafa hujja da ita ko a gaban alƙali. Ta biyun kuwa, kada ka kuskura ka ba wanda zai zo tarbarka ita. Ire-irenta sun cika intanet, kuma kusan tafiyarsu ɗaya ce, shi ya sa ban ga amfanin kama suna ba. Duk wanda ya taɓa amfani da ɗaya daga cikinsu zai ga tasa a cikin wannan bayani.

Wurin neman filin jirgi shi ne abu na farko da ya burge ni. Tana karɓar sunan gari, tana karɓar haruffa ukun nan da ake bugawa a jikin tikiti da takardar da ake liƙa wa jaka, irin su LHR na Heathrow a Landan da JFK na New York, tana kuma karɓar haruffa huɗun da matuƙa da masu kula da zirga-zirgar sama ke amfani da su, irin su EGLL da KJFK. Idan ka rubuta Landan, ba ta yi maka zaɓi da kanta. Za ta jero maka filaye shida: Heathrow, Gatwick, Stansted, Luton, City da Southend. Wannan ba ƙaramin taimako ba ne, domin akwai garuruwan da suka yi tarayya a suna. Akwai Sydney ta Ostareliya, SYD, akwai kuma wata ƙaramar Sydney a gabashin Kanada, YQY. Akwai San Jose ta Kalifoniya, SJC, da San José babban birnin Costa Rica, SJO, harafi ɗaya ne kawai ya raba su. Manhajar tana rubuta ƙasa a gefen kowane suna, da tutarta. Sai dai tallan da ke faɗowa a ƙasan fuskar yakan rufe sunan ƙarshe a jerin, sai ka ture shi kafin ka gani. Abin haushi ne, amma bai kai a yi dogon ƙorafi ba.

Batun nisa, nan ne ƙarfinta yake. Abin da take aunawa shi ne hanya mafi gajarta a kan doron duniya, kuma da yake duniya a dunƙule take, wannan hanya ba ta fitowa a miƙe a kan shimfiɗaɗɗiyar taswira. Ɗauki ƙwallo, ka ɗiga alama biyu a jikinta, ka ja zare tsakaninsu har ya ɗaure tamau. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanyar. Shi ya sa idan ka saka Dubai da Los Angeles, layin ba zai ratsa ta Afirka da tsakiyar Tekun Atlantika kamar yadda ido zai zata ba. Haurawa arewa zai yi, ya wuce ta kusa da ƙuryar arewacin duniya, ya gangaro ta Kanada, kimanin kilomita 13,400. Wanda ya fara ganin wannan lanƙwasa zai ɗauka manhajar ta rikice. Laifin na taswirar ne. Tsarin da muka saba gani tun a makaranta, wanda Gerardus Mercator ya fitar a 1569, yana kumbura yankunan da ke can arewa da can kudu, har tsibirin Greenland ya yi kamar ya kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. Manhajar tana da maɓallin da ke mai da taswirar dunƙulalliyar duniya da za ka juya da yatsa, kuma da zarar ka juya, layin da ya yi kamar baka sai ya miƙe sak. A ganina wannan maɓalli kaɗai ya isa dalilin sauke ta, musamman ga malamin da ke koyar da labarin ƙasa.

Na gwada lambobinta da waɗanda kamfanonin jirage ke wallafawa, ban kama ta da wani bambanci mai nauyi ba. New York zuwa Landan, wato JFK zuwa Heathrow, ta ce kimanin kilomita 5,550. Singafo zuwa New York, sama da 15,300. Perth zuwa Landan, kusan 14,500. Idan ka ga ɗan saɓani na kilomita goma ko ashirin tsakaninta da wani shafi, ba ƙarya wani ya yi ba. Wasu suna ɗaukar duniya a matsayin cikakkiyar ƙwallo mai kilomita 6,371 daga tsakiya zuwa baya, wasu kuma suna la'akari da cewa ta ɗan baje a ƙuryoyinta biyu ta kumbura a tsakiya. Bambancin da wannan ke haifarwa ba ya wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Tana kuma ba da nisan a ma'auni uku: kilomita, da mil na ƙasa mai kilomita 1.609, da mil na teku mai kilomita 1.852, wanda shi ne matuƙa ke aiki da shi. A nan a kula, domin ta rubuta gajerun sunayen mil ɗin biyu da ƙananan haruffa masu kama da juna, kuma tsakanin mil na ƙasa 3,450 da mil na teku 3,000, wato nisan JFK zuwa Heathrow a ma'aunai biyun, akwai tazara ga wanda ke lissafin makin da kamfanin jirgi ke ba shi bisa nisan tafiye-tafiyensa.

To, lokaci. Ba a nan gizo ke saƙa ba sai a nan.

Bayan na jera hanyoyi da dama ina kwatanta amsoshinta, na gano dabarar da take bi. Raba nisan take yi da gudun kilomita 800 a awa, ta ƙara rabin awa na tashi da sauka, shi ke nan. Kowace hanya, kowane jirgi, kowane wata na shekara, lissafin ɗaya ne. Saka JFK zuwa Heathrow, za ta ce awa 7 da minti 26 ko kusa da haka. Juya su, Heathrow zuwa JFK, amsar ba ta motsa ba. Amma duk wanda ya duba jadawalin kamfanoni ya san tafiyar gabas takan ɗauki kimanin awa 7 ne, ta yamma kuma kusan awa 8. Wato ta tsaya a tsakiya, ba ta dace a zuwa ba, ba ta dace a dawowa ba.

Dalilin wannan bambanci iska ce. A can sama, tsakanin kilomita 9 zuwa 12, daidai inda jiragen fasinja ke shawagi, akwai wani siririn kogin iska da ke kwarara daga yamma zuwa gabas, kuma a lokacin sanyin arewacin duniya gudunsa yakan haura kilomita 300 a awa. Jirgin da ya nufi gabas shiga cikinsa yake yi ya tura shi, wanda ya nufi yamma kuma kauce masa yake yi ko da zai ƙara tsawon hanya. A watan Fabrairun 2020, lokacin guguwar da aka sa wa suna Ciara, wani Boeing 747 na kamfanin British Airways ya taso daga New York ya sauka a Landan cikin awa 4 da minti 56. Gudunsa a kan ƙasa ya haura kilomita 1,300 a awa, ba don injinsa ya ƙara ƙarfi ba, iskar ce ta ɗauke shi. Nisan bai ragu da taku ɗaya ba a wannan dare. Saboda wannan iska ne masu kula da sararin arewacin Atlantika, a Gander ta Kanada da Prestwick ta Sukotland, suke zana sababbin hanyoyi kullum, na masu zuwa gabas da dare, na masu zuwa yamma da rana. Hanyar jiya ba ita ce ta yau ba. Manhajar da ke zana layi ɗaya tak ba ta san da wannan zance ba.

Misalin da ya fi ba ni mamaki shi ne na Delhi zuwa San Francisco. A 2016 kamfanin Air India ya sauya hanyar wannan tafiya, ya koma bi ta Tekun Pasifik. Hanyar ta fi ta da tsawo da sama da kilomita dubu, amma jirgin ya riƙa isa da wuri, domin iska na bayansa kusan tun daga tashi. Hanya ta ƙaru, lokaci ya ragu. Lissafin raba nisa da gudu ba zai taɓa hango irin wannan ba.

Bayan iska sai siyasa. Layin da manhajar ke ja ba ruwansa da iyakar kowace ƙasa, sararin samaniya kuwa kowace ƙasa da nata, kuma tana iya rufewa. Tun daga Fabrairun 2022 jiragen mafi yawan ƙasashen Turai ba sa ratsa sararin Rasha. Helsinki zuwa Tokyo kimanin kilomita 7,800 ne a miƙe, kuma manhajar har yanzu tana cewa awa 10 da 'yan mintuna. Kafin rufewar, jirgin Finnair yakan yi ta a cikin awa 9 da wani abu. Yanzu sai ya zagaya ko ta kudu, ko ta ƙuryar arewacin duniya, tafiyar ta koma kusan awa 13. Kuskuren awa uku ke nan a tafiya ɗaya, kuma babu ko ɗan gargaɗi a fuskar wayar. Wannan shi ne aibin da na fi riƙe ta da shi. Ban ce sai ta san hanyar kowane kamfani ba, amma rubuta layi ɗaya cewa hanyar nan ta bi ta sararin da wasu jirage ba sa shiga, ba zai gagari wanda ya iya zana dunƙulalliyar duniya a waya ba.

Akwai kuma ƙa'idar jirage masu inji biyu. Ba a yarda su yi nesa da filin da za su iya saukar gaggawa fiye da wani adadin mintuna ba, idan inji ɗaya ya tsaya. A da minti 60 ne, a 1985 aka fara ba da izinin 120, sannan aka ci gaba da ƙarawa har Airbus A350 ya samu izinin minti 370 a 2014. Sababbin jirage sun kusa 'yantuwa daga wannan takura, amma a kan manyan tekuna na kudancin duniya har yanzu takan sa a lanƙwasa hanya.

A gajerun tafiye-tafiye kuskurenta ya sauya salo. Heathrow zuwa filin Charles de Gaulle na Paris kimanin kilomita 350 ne, sai ta ce ƙasa da awa ɗaya. Tikiti kuwa zai nuna maka awa ɗaya da kwata ko fiye. Jirgi ba ya tashi da gudun 800. Sai ya hau a hankali, kuma ƙasa da ƙafa 10,000 akwai iyakar gudu da aka gindaya a yawancin wurare, mil na teku 250 a awa. Kafin ya gama hawa, lokacin gangarowa ya yi. Ƙari a kan haka, ba kowace hanya ce ke samun babban jirgi ba. Masu farfela irin ATR 72 gudunsu wajen kilomita 500 ne a awa, kuma manhajar ba ta da wurin zaɓen irin jirgi. Don nishaɗi na saka mata tsibiran Westray da Papa Westray da ke Orkney a arewacin Sukotland, tafiyar fasinja mafi gajarta a duniya, kilomita 2.7, wadda jirgin Loganair ke yi cikin minti ɗaya da rabi zuwa biyu. Ta amsa da cewa minti 30. Rabin awar nan tata ba ta ɗaga wa kowa ƙafa.

Wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, kuma manhajar ba ta yi bayaninsa ba, shi ne lokacin da ke kan tikiti ba lokacin da jirgi ke sama ba ne. Ana fara ƙirga shi daga sa'ar da jirgi ya motsa daga wurin da ya ɗauki fasinja, ana rufewa idan ya tsaya cak a wurin sauke su. Duk tafiyar da yake yi a ƙasa tana ciki, da layin jiran tashi, da shawagin jiran izinin sauka. A filin Schiphol na Amsterdam akwai titin jirgi da ake kira Polderbaan, wanda aka buɗe a 2003, yana da nisan kusan kilomita biyar daga ginin fasinja. Idan can aka saukar da ku, ku gyara zama, akwai kwata ɗin awa ko fiye a gaba kuna gangarawa kamar a mota. Heathrow kuma tana da wurare huɗu da jirage ke kewayawa suna jiran layi, Bovingdon da Lambourne da Ockham da Biggin, kuma da sassafe, lokacin da jiragen nesa ke isowa a tare, minti goma na kewaye ba abin mamaki ba ne. Kamfanoni sun san da duk wannan, shi ya sa suke ƙara 'yan mintuna a jadawali. Akwai ma wata riba da suke samu a ciki: a ƙa'idar da aka saba bi, jirgin da bai makara da minti 15 ba ana lissafa shi cikin waɗanda suka iso a kan kari, don haka faɗaɗa jadawali yana gyara musu suna. Idan matuƙi ya yi muku albishir cewa kun iso da wuri, sau da yawa ƙarin da aka yi ne ba a cinye ba.

Inda na yaba mata a ɓangaren agogo shi ne bambancin lokaci tsakanin ƙasashe. Ta san Indiya tana gaban agogon duniya, wato GMT, da awa biyar da rabi, Nepal da awa biyar da minti 45. Ta san Amurka tana tura agogonta gaba a Lahadi ta biyu ta watan Maris, Birtaniya kuma sai Lahadin ƙarshe, don haka a 'yan makonnin da ke tsakani tazarar New York da Landan awa huɗu ce maimakon biyar. Ta san layin sauya kwanan wata da ke tsakiyar Pasifik: ka bar Tokyo da ƙarfe biyar na yamma, ka yi kimanin awa goma a sama, ka sauka a Los Angeles da hantsin wannan ranar da ka taso. Tana nuna haka daidai, har da ɗan rubutu ja cewa kwanan wata bai sauya ba. Matsalar ita ce a kan gurguwar lambarta ta tsawon tafiya take ɗora wannan kyakkyawan lissafi, sai ta fito maka da lokacin sauka har da minti, ƙarfe kaza da minti 26, kamar wadda ta tabbatar. Wannan minti 26 ɗin shi ne yaudarar. Da cewa ta yi tsakanin awa bakwai zuwa takwas, da ta fi gaskiya, kuma da ba wanda zai ruɗu.

Tana ba da damar saka zango a tsakiya, ka ce daga nan zuwa can ta wani gari. Nisan takan tara shi daidai, kuma yana da amfani ka ga yawan kilomitocin da ya da zango ya ƙara maka. Amma lokacin jira a filin tsakiya ba ya cikin lissafinta, alhali a tafiya mai zango shi ne yakan cinye yini. Haka nan ba ta faɗa maka nisan filin da garin da aka laƙaba masa sunansa. Narita tana wajen kilomita 60 daga tsakiyar Tokyo, Beauvais kimanin 85 daga Paris, Hahn kuwa da ake jingina wa Frankfurt ta kai 120. Mutum zai ga tafiyar awa biyu a waya, ya manta akwai wata awa biyun a mota tana jiransa.

Akwai shafin da ke kimanta hayaƙin da tafiyarka ke fitarwa. Ban ba shi muhimmanci sosai ba, domin shi ma a kan miƙaƙƙen layin aka gina shi. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, a nata lissafin takan ƙara kilomita 50 a kan tafiyar da ba ta kai 550 ba, 100 a kan wadda ke tsakanin 550 da 5,500, da 125 a kan wadda ta haura haka, saboda ta san jirgi ba ya bin layin sak. Wannan manhaja ba ta ƙara komai.

Duk da haka ban goge ta daga wayata ba, kuma ba ni da niyya. Akwai wuraren da miƙaƙƙen nisan shi ne abin da ake buƙata, ba hanyar da jirgi ya bi ba. Wasu kamfanoni har yanzu da shi suke lissafa makin da suke ba fasinjojinsu na kullum. Mafi muhimmanci kuma shi ne diyya. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta shekarar 2004 ta raba diyyar soke tafiya ko hana fasinja hawa jirgi gida uku bisa nisa: Yuro 250 ga tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba, Yuro 400 ga wadda ke tsakanin 1,500 da 3,500, da Yuro 600 ga wadda ta haura 3,500 idan ta fita wajen Tarayyar. Kotun Turai a 2009 ta ce jinkirin awa uku ko fiye shi ma ya shiga ciki, matuƙar ba wani dalili da ya fi ƙarfin kamfanin ne ya jawo shi ba. Dokar ta faɗa ƙarara cewa da hanya mafi gajarta a doron duniya za a auna, wato ainihin lambar da wannan manhaja ke bayarwa. Idan tafiyarka ta faɗo kusa da ɗaya daga cikin iyakokin nan, kilomita ashirin na iya zama bambancin Yuro 150 ko 200, don haka ka tabbatar filin da ka saka shi ne wanda ke kan tikitinka, ba sunan garin kawai ba, ka kuma duba cewa ma'aunin yana kan kilomita kafin ka ɗauki hoton fuskar wayar ka haɗa da takardar ƙorafinka.